SA'A DA GWANINTA: WANE NE YAKE CIYAR DA GIDA?



Akwai karin magana guda biyu da kowannenmu ya sha ji a Babbar Kasuwar Sakkwato ko a tashar mota, kuma sau da yawa daga baki ɗaya suke fitowa. Idan maƙwabci ya sami abin da muka rasa, sai mu ce sa'a ta fi manyan kaya. Idan kuwa mu ne muka samu shi ya rasa, sai mu tuna masa cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Watau nasarar wani sa'a ce, tamu kuwa gumi ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama yadda mutum ya fahimci sa'a, haka zai riƙe aikinsa, haka zai riƙe kuɗin makarantar 'ya'yansa, haka kuma zai dubi matalaucin da ke zaune kusa da shi a majami'a ranar Lahadi. Domin haka bari mu ɗauki darasinmu daga abubuwan da ke cikin garin nan namu.

Fatar jan akuya

Allah ya ba ƙasar Sakkwato wata kyauta da ba wanda ya roƙa, ita ce jan akuya, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke kira akuyar Maraɗi. Fatarta tana da laushi da ƙarfi da kyawun ido, irin wanda ba a cika samu a wasu awaki ba. Shekaru ɗaruruwa fatake suna ɗaukar ta a kan raƙuma su ƙetare Sahara da ita zuwa garuruwan Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda masu ɗaure littattafai suka riƙe ta da daraja. Ba wani Basakkwace da zai buga ƙirji ya ce shi ya halicci wannan akuya, ko shi ya zaɓa a haife shi a inda take kiwo. Wannan rabo ne.

Amma fa ku bi fatar daga hannun mahauci, ku ga abin da zai faru. Idan mai fiɗa ya yi gaggawa wuƙa ta huda ta, darajarta ta faɗi tun kafin ta bar mayanka. Idan aka shimfiɗa ta a ƙasa cikin ranar bazara, samanta zai bushe cikinta ya ruɓe, ba kuwa za a gane ba sai ta shiga ruwan jima ta soma zubewa. Shi ya sa tun zamanin Turawa ma'aikatan dabbobi suka yi ta koyar da shanya a inuwa. Daga nan sai majemi ya karɓa. Zai jiƙa ta, ya sa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare, ya wanke, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, yana juyawa yana dubawa. Ba shi da agogo ko ma'auni sai yatsunsa da hancinsa. In ya cire da wuri, fatar za ta yi tauri kamar ƙirgi. In ya yi sakaci a wurin toka, ta lalace. Bayan haka a shafa mai, a rina da karan dafi ta yi ja, kana baduku na shiyar Madunka ya yanka ya ɗinka jaka ko takalmi ko titimi. A ba mutum biyu fatar akuya ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya: a hannun ɗaya ta zama abin da za a kai wa sarki gaisuwa, a hannun ɗayan ko guga ba za ta yi ba.

Ga kuma abin da ya fi ba ni tausayi a labarin. Da fatar ta isa Turai, sai aka sa mata suna fatar Maroko, domin ta tashoshin Arewacin Afirka ta fito. Majemin Sakkwato ya yi aiki, wani ya ɗauki suna. A zamaninmu kuma takalman roba da jakunkuna masu araha daga ƙasashen waje sun cika kasuwa, har gwanin baduku yakan wuni bai yi ciniki ba. Hannunsa bai manta kome ba. Kasuwa ce ta juya masa baya.

Haka ma garuruwa suke da rabonsu. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911. Reshen da ya nufo yamma ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba. Turawa sun yi zaton auduga jirgin zai riƙa ɗauka, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ba shi ya kawo jirgi ba, ba shi ya tsai da farashin gyaɗa a Ingila ba. Amma sa'ad da damar ta zo, ta tarar da mutumin da ya riga ya yi shekaru yana fataucin goro a hanyar Gwanja, ya san lissafi, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, yana da yaran da ya amince da su. Mutane da yawa sun ga jirgin nan da idanunsu a Kano. Kaɗan ne suka san abin da za su ɗora masa.

Ruwan 2010

Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984. Matasa kuwa suna iya tuna watan Satumba na 2010, lokacin da ruwa ya yi yawa, madatsar Goronyo ta kasa riƙe shi, gulbin Rima ya yi ambaliya ya bi ta Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko, ya cinye gonaki da gidaje, ya kuma yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har sai da mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Ruwan bai tsaya ya tambayi wane ne ya yi noman fari da maimai a kan lokaci ba. Gonar mai himma da gonar rago, tare suka nutse.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Mai-Wa'azi, a sura 9 aya 11, ya lura cewa ba kullum mai gudu yake cin tsere ba, ba kullum mai hikima yake samun abinci ba, domin lokaci da katari suna faɗa wa kowa. Ubangijinmu Yesu da kansa, da aka yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi (Luka 13). Da almajirai suka tambaye shi zunubin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, ya kawar da zargin daga kan mutumin da iyayensa (Yohanna 9). Saboda haka Kirista ba shi da izinin duban wanda ya faɗi ya ce lalle rago ne, ko kuwa akwai abin da ya ɓoye. Abokan Ayuba sun yi irin wannan wa'azi, sura bayan sura, a ƙarshe Allah ya tsauta musu.

Duk da haka ku dubi manomin ƙasar nan da kyau, za ku ga cewa rabin gwanintarsa shirin tarbar rashin sa'a ne. Daminarmu gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma ba ta da alkawari. Don haka ba ya shuka abu ɗaya. Gero da dawa da wake suna gona ɗaya: in ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya nuna; in ya daɗe, dawa ta samu. Yana da tudu, yana neman ɗan fegi a fadama domin albasar rani. Matarsa tana kiwon akuya biyu uku, waɗanda su ne asusun gida ranar da ciwo ya shigo. Manomin albasa kuma ya san cewa wanda ya sayar da duka a lokacin da kasuwa ta cika da ita, kyauta ya yi. Sai ya gina rudu ya ajiye, ko da yake ya san wata za ta ruɓe. Bai san abin da shekara za ta kawo ba, amma ya san cewa bai sani ba, ya kuma gina rumbunsa a kan wannan. Shawarar da Yusufu ya ba Fir'auna ke nan a Farawa 41: a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi. Yusufu bai hana yunwa zuwa ba. Ya hana ta kashe Masar.

Awa ɗaya a Matan Fada

Ta yaya za a rarrabe abin da sa'a ta yi da abin da hannu ya yi? Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, yana koya mana. Dubban masunta suna jeru a bakin Matan Fada da homa da gora, a ba da alama, su afka cikin ruwa gaba ɗaya. Cikin kamar awa guda wani zai fito da giwan ruwa mafi girma. A 2020 wanda ya ci ya kai kilo 78. Shin shi ne masuncin da ya fi kowa a ƙasar Kabi? Ba lalle ba. Kifin yana iya bi ta ƙarƙashin gorarsa maimakon ta maƙwabcinsa. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, in da ni ko kai aka jefa a wurin, kifin nan zai zo ya wuce, watakila ma ya tafi da mu. Iya ruwa fid da kai. Na biyu, in kuna son sanin gwanin masunci, kada ku dubi awa ɗaya, ku dubi shekara ashirin: wane ne gidansa bai rasa abinci ba, wane ne ya aurar da 'ya'yansa da kuɗin kifi? A rana ɗaya sa'a takan rinjaya. Da kwanaki suka yi yawa, sai ta raba kanta tsakanin mutane, abin da ya rage a fili shi ne gwaninta.

Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi: abin da ake iya koya wa yaro, gwaninta ne, abin da ba a iya koyarwa, sa'a ce. Majemi yana iya zaunar da ɗansa shekara biyar ya mai da shi majemi. Wanda ya tsinci kuɗi a hanya ba shi da abin da zai koya wa kowa, ko da zai buɗe makaranta.

Masu ilimin kimiyya ma ba su tsira daga wannan ba. A 1928, a wani asibiti a London, Alexander Fleming ya dawo daga hutu ya tarar da fumfuna ta faɗa cikin faifan da yake renon ƙwayoyin cuta, ta kashe waɗanda ke kewaye da ita. Katari ne. Amma wani da ya wanke faifan ya wuce. Shi ya tsaya ya duba domin ya yi shekaru yana neman irin wannan abu. Har wa yau, sai da Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford suka sha wahala kafin a gwada maganin a jikin majiyyaci a 1941. Allurar fenisilin da ta ceci 'ya'yanmu da yawa, ɗan katari ne aka ɗora wa aikin shekara goma sha uku.

Abin da Ikilisiya take koyarwa

To, in Allah ne mai mulkin kome, ina wurin sa'a? Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ɗan ƙungiyar Dominikan ne, ƙungiyar da fadanninta suka aza harsashin wannan Dayosis tamu. Ya ba da misali mai kyau. Maigida ya aiki bara ɗaya kasuwa, ya kuma aiki na biyu wuri ɗaya ba tare da ya gaya wa kowannensu ba. Suka haɗu, suka yi mamaki, suka ce katari. A wurinsu katari ne da gaske, gama ba wanda ya shirya shi a cikinsu. A wurin maigida kuwa ba katari ba ne. Haka abin da muke kira sa'a: suna ne da muke ba haɗuwar al'amuran da ba mu shirya ba, ba mu kuma hango ba. Ba wata aljana ba ce mai zaman kanta da za a yi wa yanka, ko a saya a kwalba.

Daga nan abu biyu suke fitowa. Tun da sa'a ba iko ba ce, banza ne neman ta wurin boka da mai duba da laya, kuma Katekisim na Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2116 da 2117, ya hana waɗannan a fili. Ni kuwa ina ƙara da cewa mai wa'azin da ke sayar da man shafawa ko ruwa da alkawarin cewa kasuwa za ta buɗe, boka ne da ya sake riga. Na biyu, tanadin Allah ba ya soke aikin mutum, gama Allah ya ga dama ya yi aikinsa ta hannun halittunsa. Yana warkarwa ta hannun likita, yana ciyarwa ta hannun manomi. Wanda ya ƙi gyara birkin motarsa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ba bangaskiya yake nunawa ba, gwada Allah yake yi, da ran fasinjojinsa kuma. Maƙwabtanmu Musulmi ma malamansu suna koyar da tawakkali tare da nema, ba tawakkali a kan tabarma ba.

Cacar da ke cikin aljihu

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zaɓi wannan darasi. Dā mai caca sai ya nemi lungu, yana jin kunyar a gan shi. Yau shagon caca yana cikin wayar hannu, kuma ba ya rufewa dare da rana. Samarinmu, har da waɗanda ke waƙa a kwaya da masu hidimar bagadi, suna zuba kuɗi a kan wasannin ƙwallon Ingila da Sifen, suna cewa wannan ba caca ba ce, ilimi ne, gama sun san 'yan wasa. A nan ne haɗarin yake: an yi wa sa'a kwalliya ta fito kamar gwaninta.

Bari mu yi lissafi tare. Yawancinsu suna haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya domin ribar ta yi girma, kuma dole dukansu su faɗa daidai. In kowane wasa kamar jefa kwabo ne, ko kai ko wutsiya, to damar cin wasa 10 a jere ita ce 1 cikin 1,024. In wasa 20 ne, 1 cikin 1,048,576. A ce kai gwani ne ƙwarai, kana faɗin wasa 7 daidai cikin kowane 10, abin da ba kowa yake iyawa ba: tikitin wasa 10 zai ci maka kamar sau 3 ne kawai cikin 100. Kamfanin kuwa ba caca yake yi ba. Ya ɗauki masu lissafi aiki, ya tsara biyan ta yadda abin da yake fitarwa bai kai abin da yake karɓa ba. Shi ne mai gwaninta, kai ne mai jiran sa'a. Wanda ya ci sau ɗaya za a buga hotonsa kowa ya gani. Dubban da suka biya kuɗin da aka ba shi, ba a buga nasu.

Iyaye kada su yi saurin nuna yatsa. Ba samari kaɗai suka shiga MMM ba, wadda ta shigo Nijeriya a 2015 da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 kowane wata, ta kuma rufe asusun mutane a Disamba 2016, daf da Kirsimeti. Hukumar NDIC ta ce 'yan Nijeriya sun yi asarar kimanin naira biliyan 18. Ba mu koyi darasi ba, sai ga CBEX ta rushe a Afrilu 2025 da kuɗin wasu dubbai. Waɗanda suka shiga da wuri suka fita da riba sun ɗauka wayonsu ne, suka jawo 'yan'uwansu na zumunta. Kuɗin da suka ci kuwa na waɗanda suka shigo daga baya ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wani zai ce, Fada, ai mu ma muna sayar da tikitin sa'a a bikin godiya na kaka, manzanni kuma sun jefa ƙuri'a suka zaɓi Matiyas. Tambaya ce mai kyau. Katekisim, a sakin layi na 2413, bai ce kowane wasan sa'a zunubi ne a kansa ba. Ya ce yana zama abin ƙi sa'ad da ya hana mutum abin biyan bukatarsa da ta waɗanda ke wuyansa, ya kuma yi gargaɗi cewa jarabar caca tana iya zama bauta mai tsanani. Wanda ya sayi tikitin naira ɗari biyu ya san gudummawa ya bayar, in ya ci bokiti ya yi dariya. Amma ina roƙon kwamitocinmu su kula, kada mu riƙa tallar kyautar fiye da dalilin taron. Game da Matiyas kuwa, ku karanta Ayyukan Manzanni sura 1 da kyau: sai da suka tace suka fitar da mutum biyu waɗanda suka bi Ubangiji tun daga baftismar Yohanna, suka yi addu'a, kana suka jefa ƙuri'a. Ƙuri'ar ta zaɓa ne tsakanin cancantattu biyu.

Talanti biyar, biyu da ɗaya

A misalin da ke cikin Matiyu 25, maigida bai raba daidai ba, kuma Ubangiji bai ɓoye wannan ba. Ko talanti ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, gama ya kai dinari 6,000, ladan lebura na fiye da shekara 15. Mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu, ko da yake ribarsu ba ɗaya ba ce. Mai ɗaya kuwa ba don ya yi asara aka hukunta shi ba. Bai ma gwada ba, tsoro ya sa ya binne. A cikinmu akwai masu biyar: wanda aka haifa a gidan da ake karatu, wanda mishan ta buɗe makaranta a ƙauyensu ba a na gaba ba, wanda kawunsa yake ofis ranar da ake ɗaukar ma'aikata. Ba laifi ba ne, amma bashi ne. Waliyyi Bulus ya tambayi Korintiyawa ko akwai abin da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba, kuma tambayar tana kan kowane mai albashi a cikinmu.

Hanyar biyan wannan bashi da ta fi kusa da mu ita ce koyar da sana'a. A kowace majami'a ta garin nan akwai makanikai da teloli da kafintoci da masu walda da masu gyaran waya da mata masu saƙa da toye-toye, akwai kuma samari da 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune. Ina roƙon Zumuntar Maza da Zumuntar Mata Katolika da ƙungiyar matasa su ɗauki wannan a taronsu na wata mai zuwa. Duk mai sana'ar da zai iya ɗaukar yaro ɗaya ya ba katekis sunansa bayan Misa. A rubuta yarjejeniya a gaban iyaye da shaidu biyu: shekara nawa, wa zai ciyar da shi da rana, da kuma kayan aikin da za a sallame shi da su. Masu adashe kuma su duba ko za a keɓe kwasa ɗaya a shekara domin sayen keken ɗinki ko akwatin sifana ga wanda ya gama.